Squier Classic Vibe '50s Telecaster: kamannin 1952, amma sai an yi mata saiti

Squier Classic Vibe '50s Telecaster jita ce ta lantarki da aka yi domin mai sha'awar siffa da amon Telecaster ta farkon shekarun 1950, wanda aljihunsa bai kai ga Fender ƙirar Amurka ba. Squier suna ne da kamfanin Fender yake sa wa jitocinsa masu sauƙin kuɗi tun 1982. Jerin Classic Vibe ya fito a 2008 ana ƙera shi a Sin, aka sabunta shi a 2019, yawancin aikin ya koma Indonesiya. Ta bayan 2019 ɗin ce muke dubawa a nan. A shagunan Amurka, a shekarun farko bayan 2019, kuɗinta ya riƙa kai da komo wajen dala 400 zuwa 450, kuma ba ta zuwa da jaka. Kafin ta iso Kano ko Yamai kuɗin dako da na kwastan sun hau kai, saboda haka arhar tata sai an gwada ta da ƙirar Amurka, wadda ke ninka ta sau huɗu ko fiye.

Abubuwan da ke da wuyar canzawa a jikin jita, wato katako da wuya da fikof (na'urar da ke ɗauko motsin tsirkiya ta aika wa amfilifaya), a wannan sun fi kuɗinta. Abin da masu ita suka fi kuka da shi ƙanana ne, kuma kusan dukkansu aikin saiti ne da masana'anta ba ta tsaya ta ƙarasa ba. Wanda ya saya ya fara kaɗawa daga kwali zai iya cewa an cuce shi, alhali aikin awa ɗaya ko biyu ne ya rage.

Jikinta katakon fayin ne, an shafa masa ruwan ɗorawa mai duhu da kamfanin ke kira Butterscotch Blonde, da baƙin faranti a gaba, kamar yadda Telecaster ta 1952 take. Akwai kuma mai farin launi. Fayin yana da tarihi a gidan Fender, don jitocin Esquire, magabatan Telecaster, na farkon farko a 1950 da shi aka yi su kafin a koma wani katako. Yana da amsa sauti, sai dai taushi gare shi: ƙaramin bugu a gefen tebur ya isa ya bar rami a ƙarƙashin fenti. Nauyinsa kuma ba ya tsayawa wuri ɗaya. Jita biyu daga kwali iri ɗaya, wata kilo uku da 'yan kai, wata ta haura huɗu. Mai tsayuwa awa uku a wurin biki ya ɗauka ya rataya kafin ya biya. Jikin falle ne, ba a fafe bayansa ba, ba a kwantar da gefen da dantse ke hawa ba kamar na Stratocaster, wata ƙirar Fender, don haka gefen yana tokarar haƙarƙari da hannu. Haka asalin ƙirar take, ba kuskure ba ne, kuma ba abin da za a yi masa sai sabo. Fentin na zamani ne mai kauri, ba zai tsage ya tsufa irin na da ba. Masu son tsohon abu suna ganin wannan rashi ne. A ƙasar ƙura da gumi kuwa riba ce.

Wuyan shi ne inda aka kauce wa 1952 da gangan, kuma an yi daidai. Katakon mafal ne, fuskarsa ma mafal, tsawon tsirkiya daga ƙashin kai (guntun da tsirkiyoyi ke hawa a ƙarshen wuya) zuwa jaki (inda suke hawa a jiki) milimita 648, faɗin wuya a wurin ƙashin milimita 42, firet 21, wato ƙarafan da ke gitte a fuskar wuya, sirara masu ɗan tsayi. Fuskar wuyan ba ta kai ta tsohuwar ƙira lanƙwasa ba: ma'aunin lanƙwasarta inci 9.5 ne, na da kuwa 7.25, kuma ƙaramar lamba ita ta fi lanƙwasa. Amfanin wannan yana fitowa lokacin da aka tura tsirkiya gefe don a ja sauti sama. A kan fuska mai lanƙwasa sosai tsirkiyar takan taɓa firet na gaba ta shaƙe, sai an ɗaga ta sama kafin ta kuɓuta. A nan ana iya barin ta ƙasa ƙasa. Bakin sandar ƙarfen da ke cikin wuya kuma yana wajen kai, ana kai masa makulli ba tare da an kwance komai ba, saɓanin ta da wadda sai an sassauta wuyan daga jiki.

Aibin wuyan shi ne sheƙi. An yi masa fenti mai santsi har baya, da zarar tafin hannu ya jiƙe sai ya riƙa kamawa. Maganinsa soson goge fenti mai laushi, a bi bayan wuyan da shi a tsaye sau kaɗan har sheƙin ya dushe, ba a ci fentin ba. In da soson ƙarfe za a yi, a rufe fikof biyun da salatif tukuna, domin maganaɗisu zai janye duk ɓarɓashin ya liƙe a jikinsa. Bayan 'yan watanni hannu zai sake goge shi ya yi sheƙi, sai a maimaita.

Fikof biyu ne, kowanne naɗi ɗaya na siririyar waya a kan maganaɗisun alniko. Na kusa da jaki yana zaune a cikin farantin ƙarfe, kuma shi ne dalilin sayen Telecaster: amo mai kaifi, mai saurin fita, wanda ke ratsa ganguna ba tare da an ƙure amfilifaya ba. Salon kaɗi irin na Agadez, inda ake bin tsirkiya ɗaya ɗaya da saurin yatsa ana barin ta ƙasa tana amo, yana fita sarai a kansa, kowane bugu a rarrabe. A kan ƙaramar amfilifaya mai arha kuwa kaifin yakan yi yawa har ya soki kunne. A rage maballin taushin sauti kamar rubu'in juyi, shi ke nan. Maballan biyu na ƙarfe ne marasa lamba, da kunne ake saita su. Fikof na wuya yana da murfin ƙarfe, amonsa mai taushi ne, kuma wasu suna jin ya yi duhu idan aka gwada da ɗan'uwansa. Kafin a yi maganar canza shi a ɗaga shi kaɗan a ji. Makunnin yana da matsayi uku, na tsakiya yana haɗa biyun, kuma shi ya fi dacewa da kiɗan rakiya. Duk wanda ya ce a fara da sayen sabbin fikof a wannan jita ɓarnar kuɗi yake koya maka.

Wani abu da ke faruwa: idan aka rage maballin ƙara, kaifin sauti yana tafiya tare da ƙarar. Ƙaramin kafasita mai 0.001 maikurofarad, a haɗe da rasista mai kilo-om 150, a liƙa su da dalma tsakanin ƙafar shiga da ƙafar tsakiya ta maballin, yana gyara wannan. Kowane mai gyaran rediyo zai iya.

Saiti yana da tsari, kuma in aka tsallake mataki sai an koma baya. Ana farawa da sabbin tsirkiyoyi. Tana zuwa da masu lamba 9 zuwa 42, waɗanda jimillar jansu a kan wuya kusan kilo 38 ne. Masu lamba 10 zuwa 46 suna kai kusan kilo 46, kuma da yawa sun fi son su a Telecaster saboda cikar sauti. Duk wanda za a zaɓa a zaɓa tun yanzu, don canza kauri daga baya yana rushe duk awon da za a yi. Kunnuwan ɗaure tsirkiya irin na da ne, masu tsaga a sama da rami a tsakiya. Ba a zura tsirkiya ta gefe. Ana ja ta ta wuce kunnenta da kamar santimita 5, a yanke, a cusa bakin cikin ramin har ƙasa, a lanƙwasa ta cikin tsagar, sannan a naɗa kowane zagaye a ƙarƙashin na baya. Ta ɗaya da ta biyu sirara ne, sukan zame in an yanke su gajere, a ƙara musu tsawo. Ta uku ma a ƙara mata zagaye, domin ba ta da ƙarfen da ke danne ta a kai kamar ta ɗaya da ta biyu, naɗin ne kaɗai ke saukar da ita ta zauna daram a kan ƙashi. Kyan wannan kunne shi ne babu bakin waya da ke tsaye yana soke yatsa ko yaga jaka.

Sai lanƙwasar wuya. A sa kafo, wato matsin da ke danne duk tsirkiyoyi, a firet na farko, a danne tsirkiya ta shida, wadda ta fi kauri, a firet na ƙarshe, a duba tazarar da ke tsakanin tsirkiyar da kan firet na 8. Awon da Fender ke bayarwa ga irin wannan wuya shi ne milimita 0.25, ana auna shi da siraran ƙarafan da makanikai ke auna bakin fulogi da su. In tazarar ta yi yawa, a juya sandar wuya ta hannun agogo, ana kallo daga kai zuwa jiki. In tsirkiyar ta kwanta a kan firet, a sassauta. Kada juyi ɗaya ya wuce rubu'i, a sake saita sauti, a bar katako ya zauna, a sake aunawa. In makulli ya ƙi juyawa a dakata. Sandar da ta karye ko bakinta ya cinye, gyaranta ya kusa kuɗin sabon wuya.

Ƙashin kai na ƙashi ne na gaske, abin yabo a wannan farashi, sai dai tsagoginsa sau da yawa ba a zurfafa su yadda ya kamata ba. Gwajin mai sauƙi ne: danne tsirkiya a firet na uku, ka dubi sararin da ke tsakaninta da firet na farko. Bai kamata ya wuce kaurin takarda ba. In ya fi haka, duk haɗin sautin da aka kama a firet na ɗaya da na biyu zai haura, ko da na'urar saita sauti ta ce kowace tsirkiya daidai take a sake, domin yatsa yana miƙar da ita kafin ta taɓa ƙarfe. Wannan aikin mai magagarin da aka yi don shi ne. Wuƙa ko guntun zarto suna wuce gona da iri, kuma tsagar da ta zurfafa tana sa tsirkiya zizar da ba ta da magani sai sabon ƙashi. In kuma ana jin "ƙis" lokacin juya kunne sannan sauti ya yi tsalle, tsirkiyar ce ke maƙalewa a tsaga. A goga bakin fensir a ciki.

Tsayin tsirkiya ana auna shi a firet na 17, milimita 1.6 ne awon kamfani, kuma da ƙananan sukurori biyu na kowane sirdi, wato ƙarfen da tsirkiya ke hawa a kan jaki, ake ɗagawa ko saukewa. Mai bugu da ƙarfi ya ƙara kaɗan a ɓangaren masu kauri.

Jakin ne wurin da kwaikwayon tsohuwar ƙira ke jawo wahala. Sirdi uku ne masu siffar ganga, kowanne yana ɗauke da tsirkiya biyu, kuma tsirkiyoyin suna ratsa jiki su fito ta baya. A jitar zamani kowace tsirkiya tana da nata sirdi, ana matsar da shi gaba ko baya har sautin firet na 12 ya yi daidai da na tsirkiya a sake. Ƙa'idar ita ce, in sautin firet na 12 ya haura, a ja sirdi baya a tsawaita tsirkiya. In ya gaza, a matso da shi wajen wuya. A nan kuwa duk abin da ka yi wa ɗaya ka yi wa maƙwabciyarta. Ta ɗaya da ta biyu, da ta biyar da ta shida, ana samun sulhu a tsakaninsu ba wahala. Rigimar tana sirdin tsakiya. Ta uku, wato G ko Sol a bakin mutanen Nijar, waya ce tsura kuma tana son tsawo. Ta huɗu, D ko Re, naɗaɗɗiya ce mai siririn ciki, tana son gajarta. Ka gyara wannan waccan ta karkace. Hanyar da ba ta cin ko sisi ita ce raba bambancin: a bar G ta ɗan haura a firet na 12, D ta ɗan gaza, kowacce da rabin kuskuren. A kiɗan da bai wuce firet na bakwai ba kusan ba mai ji. Wanda ke kama haɗin sauti can sama, ko yake naɗar sauti tare da fiyano, zai ji, kuma zai dame shi. Nasa maganin shi ne sirada uku na tagulla waɗanda aka sassaƙa wa kowace tsirkiya wurin hawanta dabam, ɗaya gaba ɗaya baya. Gotoh da Wilkinson suna yin su, suna shiga da sukudireba kawai, kuma tagullar tana ɗan rage tsinin sautin. A cikin duk canjin da ake yi wa wannan jita shi ne wanda ya cancanci kuɗinsa. Abu biyu kuma game da jakin: gefen farantinsa a tashe yake, yakan tare yatsun mai bugu kusa da shi, sannan sukurorin tsayi in suka yi tsini sama suna kartar gefen tafin hannu. Gajerun sukurori suna raba gardama.

Na ƙarshe a saiti shi ne tsayin fikof. A danne tsirkiya a firet na ƙarshe, a auna daga ƙasanta zuwa kan fikof: kamar milimita 2.4 a ɓangaren ta shida, 2 a ɓangaren ta ɗaya. In ya matso fiye da haka maganaɗisu yana jan tsirkiyar, sauti ya riƙa rawa kamar guda biyu ne ke faɗa, musamman a masu kauri can saman wuya, kuma mutum ya yi ta zargin jaki a banza. In ba ka ga sukurori a gefen fikof na wuya ba, suna ƙarƙashin baƙin farantin.

Ƙugi kuwa halin fikof mai naɗi ɗaya ne, na dala 400 da na dala 4,000 duk ɗaya. Yana kwasar motsin wutar gida, wadda a Najeriya da Nijar take bugawa sau 50 a daƙiƙa, da hayaniyar cajar waya, da dogon ƙwan fitila, da inbata, da janareta. Iri biyu ne kuma maganinsu dabam. Akwai zizar da ke raguwa idan ka taɓa tsirkiya. Wannan alama ce wayar ƙasa ta cikin jitar tana aiki, kuma ana rage ta da shimfiɗa salatif na jan ƙarfe a cikin ramukan jiki da bayan faranti, a haɗa shi da bayan maballin ƙara. In ba a haɗa ba aikin banza ne. Akwai kuma ƙugi mai kauri da ke ƙaruwa ko raguwa idan ka juya jikinka. Wannan jan ƙarfe ba ya hana shi, sai dai a nisanci amfilifaya da taransifoma, a nemi kusurwar da ya fi yin shiru. In kuwa taɓa tsirkiya ƙara ƙugin yake yi, wata waya ta tsinke ko an juya wayoyin soket ɗin jitar.

Nan akwai batun rai. Jitar ba ta da batir, ba ta ɗauke da wuta, amma tsirkiyoyinta a haɗe suke da jikin amfilifaya ta cikin waya. In soket ɗin bango ba shi da wayar ƙasa, ko an karya ƙafa ta uku ta fulogi don ya shiga, kuma amfilifayar ta sami matsala, wutar ta hannun makaɗi za ta bi, galibi lokacin da leɓensa ya taɓa makirfo. Jin ɗan tsikari a tsirkiya gargaɗi ne, a kashe a nemi mai wayarin. Amfilifayar da aka sayo daga Amurka kuma ta bolt 120 ce, tamu wutar 220 zuwa 230, a karanta bayanta kafin a jona.

Hunturu shi ne babban gwajin wannan jita a arewa. Katakon jita ya fi son damshin iska na kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari, a Kano ko Damagaram kuwa a tsakiyar hunturu yakan faɗi ƙasa da 20. Wuya yana tsukewa ta faɗi, ƙarfen firet ba ya tsukewa, sai bakunansu su fito ta gefe suna kartar hannu. Ba lalacewa ba ce. A jira lokacin da bushewar ta kai maƙura, a rufe katakon da salatif na takarda, a bi bakunan da ƙaramin magagari mai laushi a karkace, a goge. In an yi shi a lokacin, yawanci ba a sake yi. In aka yi da damina, hunturu na zuwa za su sake fitowa. Lanƙwasar wuya ma tana motsi da yanayi, don haka awon firet na 8 ana maimaita shi sau biyu a shekara, farkon damina da farkon hunturu. Ajiye ta cikin jaka tare da jiƙaƙƙen soso da aka matse, a cikin gidan sabulu mai huji, yana rage wahalar. Fuskar mafal a rufe take da fenti, ba ta shan mai, kada a shafa mata komai sai tsumma. Ƙura a hure ta kafin a goge, in ba haka ba tsumman ya zama sanfefa. In maballi ko makunni ya fara ƙarar ƙasa-ƙasa, maganin fesawa na wanke kayan lantarki ake sa masa, ba man inji ba. But ɗin mota da rana a bazara kuwa ba wurin jita ba ne ko na rabin awa.

Soket ɗin da wayar amfilifaya ke shiga tsohon ciwon Telecaster ne tun asali. Ɗan kofi ne da wani guntun ƙarfe ke riƙe da shi a cikin rami, yana sassautawa da yawan cirewa da sakawa. Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaure notin daga waje ba a riƙe na ciki ba, sai soket ɗin ya juya gaba ɗaya ya murɗe wayoyinsa su tsinke. A buɗe farantin maballai a riƙe shi ta ciki, ko a sa irin kofin nan mai sukurori biyu da ake kira Electrosocket a huta. Maɓallan rataya ma suna kwancewa saboda taushin fayin: a cire sukurun, a cusa tsinken sakace biyu da gam ɗin katako a ramin, a mayar.

Mai sayen ta hannu ya duba bayan kai, inda lambar jita da sunan ƙasar da aka yi ta suke, ya gwada lambar a shafin Fender. Ya tabbatar sandar wuya tana juyawa ta kowane gefe, ya bi kowane firet a kowace tsirkiya yana sauraron inda sauti ke mutuwa, don firet ɗaya da ya fi sauran tsayi ba abin mamaki ba ne a wannan aji. Kada a yarda a sayar masa da Affinity da sunan Classic Vibe; ita ma ta Squier ce amma aji na ƙasa. Wanda kuɗinsa bai kai ba yana iya duba Harley Benton TE-52 ta shagon Thomann na Jamus, mai irin wannan siffa a ƙasa da rabin kuɗin, sai dai an san ta da nauyi. Mai son amo mai kauri da murɗewa irin na kiɗan rok mai nauyi, ko mai son sandar girgiza sauti, wannan ba jitarsa ba ce ko kaɗan.

In daga waje za a yi odarta, a sa ƙananan kayan a kwali ɗaya tun farko, don kuɗin dakonsu su kaɗai daga baya ya fi kuɗinsu: jaka mai soso, tsirkiya saiti huɗu ko biyar da ƙarin ta ɗaya guda guda tunda ita ta fi tsinkewa, siradan tagulla, kofin soket, da waya mai kyau wadda ba ta wuce mita 6 ba, domin doguwar waya tana shanye kaifin sautin kafin ya isa amfilifaya.